Hitar da Ɗan Gida Ya Gyara Mana

Ko zan manta komai na zaman da na yi a Dubai, akwai abu ɗaya da na san da shi za a kai ni kabari. Shekaru sun wuce, yarinyar da na haifa a lokacin har ta shiga makaranta, amma har yau abin bai bar ni ba. Ba haɗarin ne kaɗai yake cin raina ba, haɗari ai ko'ina yana faruwa. Abin da yake cin raina shi ne mutumin da aikinsa ya ƙone mahaifiyata bai taɓa tsayawa gaban hukuma ya amsa tambaya ko guda ba, alhali na yi iya yina don ya tsaya.

A shekarar 2016 ne. Muna zaune a hawa na ƙarshe na wani bene kusa da Jebel Ali, saboda maigidana yana aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya a can, ni kuma ina aiki a kantin magani. Haihuwata ta fari ce. Da a gida ne da an mai da ni ɗakin Umma wanka, to hutun da aka ba ni a wurin aiki bai kai a yi ta hawa jirgi da ɗanyen jiki ba, sai aka yi wa Umma biza ta zo. Ta iso da gero da kanwa da yaji, da niyyar sai ta gasa ni yadda uwarta ta gasa ta. Ganyen wanka ne kawai ba ta taho da shi ba, shi ma ba ta daɗe ba ta gano bishiyar darbejiya a bayan wurin ajiye motoci. Kullum sai ta sauka ta karyo, maigadin benen, wani ɗan Pakistan, yana bin ta da kallo.

Bayan suna da ’yan kwanaki aka tafka wani ruwan sama da iska wanda tsofaffin mazauna garin ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Dubai ba gari ne da aka gina don ruwa ba. Tituna suka cika, motoci suka mutu a tsakiyar hanya. Mu da muke sama muka ɗauka mun tsira, ashe ta rufi za a biyo mana. Ruwa ya kwanta a saman benen ya ratso, silin ɗin banɗakinmu ya jiƙe ya rufto, hitar ɗumama ruwan wanka da ke ɓoye a cikinsa ta sha ruwa. Da an kunna ta sai makunnin tsaro ya faɗi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke.

Kamfanin da ke kula da benen suka turo ma’aikacinsu. Ya hau tsani ya leƙa, ya ce wayoyi sun jiƙe, hitar ma sai an sake sabuwa, kuma sai mai gidan da muke haya ya amince, ga mutane a layi a gabanmu. Umma ta ce in tambaye shi ko sabuwar za ta tafasa ruwa. Ya yi dariya ya ce hita ba ta tafasa ruwa, akwai inda in zafi ya kai take kashe kanta. Umma ta taɓe baki ta ce, “To wannan ai ruwan alwala ne.”

Muka koma dafa ruwa a tukwane a kicin, Umma tana jido shi zuwa banɗaki safe da yamma. Kafin tukunya ta uku ta tafasa ta farko ta huce. Ta yi ta mita, wai jikina zai ruɓe, wai za a ce ta zo har ƙasar Larabawa ta kasa yi wa ’yarta wanka. Maigidana mutum ne mai tsananin kunyar suruka, mitar nan ta fi damunsa a kan silin ɗin da ya faɗo.

Wanda bai zauna a garin ba a lokacin ba zai gane yadda kowa ya zama injiniya bayan ruwan nan ba. Mai ɗaure kaya a kargo, wato shagon aika kaya gida, direba, ɗan aike, duk wanda ya taɓa riƙe filaya a rayuwarsa ya sayi jaka ya shiga gyaran gida. Har sanarwa aka manna a bakin lif ɗinmu cewa kada a shigo da mai gyaran da ba shi da lasisi, kuma duk aikin da aka yi a karɓi rasit, domin da shi ake kai ƙara wurin hukumar kare haƙƙin masu saye in aiki ya ɓaci. Na karanta, maigidana ma ya karanta, don tare muka tsaya a wurin.

Ranar Juma’a ya je masallaci a Deira, inda ’yan kasuwarmu suke taruwa, ya dawo da wani mutum a bayansa. Ya ce Alhaji ne ya haɗa su. Alhajin nan shi ne dattijon mutanenmu a can, shi yake karɓar baƙi, shi yake raba faɗa, in an yi rasuwa shi yake tsayawa a kan gawa. Shi ya samo wa maigidana ɗakin da ya fara kwana a Dubai. Mutumin da aka turo kuwa kowa Injiniya yake ce masa, amma ainihin aikinsa ɗaure kaya ne a wani shagon kargo.

Ba zan ɓoye ba, ya iya shiga rai. Tun daga ƙofa ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma, ya yi barka, ya tambayi unguwarmu a Kano, sai ga shi wai kakarsa a bayan layinmu take. Da Umma ta kawo kukanta sai ya girgiza kai ya ce, “Hajiya, ai waɗannan mutanen ba su san jego ba. Su matansu da ruwan sanyi suke wanka. Ruwan jego in bai tafasa ba ai wasa ake. Ki bar ni da ita, yau za ki ga tururi.”

Umma ta dube ni ta ce, “Kin ji ɗan gida.”

Na ce masa, “Malam, kana da lasisi? Kuma za ka ba mu rasit?”

Maigidana ya watso mini wani kallo kamar na zagi baƙo a kan tabarma. Injiniya ya yi murmushi ya ce, “Haba Amarya, tsakaninmu? Rasit ai sai bare. In wani abu ya samu, ga ni ga Alhaji, ina za ni?” Umma ta ce in wuce ciki in ba yarinya nono, mai jego ba ta tsoma baki a maganar maza. Na wuce ina jin su suna dariya.

Kafin magariba ya mai da silin, ya shafe shi fes, ya kunna hita, wuta ba ta ɗauke ba. Da aka buɗe famfo ruwa ya fito yana tururi har madubi ya rufe. Umma ta yi ta sa masa albarka, ta cika masa kwano da kunun kanwa, ta ƙulle masa yaji a leda.

Bayan kwana kaɗan na fara jin ƙara a cikin silin, irin ta tukunyar da ta tafasa aka danne murfinta. Na gaya wa maigidana, ya kira Injiniya a waya. Ina ji yana cewa iska ce a bututu, za ta fita da kanta, khalas, magana ta ƙare, kada Amarya ta tayar da hankalinta.

Wata safiya, maigidana ya fita aiki, ina ɗaki ina canza wa yarinya kaya, Umma ta shiga banɗaki tara ruwa. Sai na ji wani abu ya fashe, sannan na ji muryar Umma. Ban taɓa jin ta yi irin wannan kukan ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Na ajiye yarinyar na ruga. Tururi ya cika banɗakin, silin ya sake ruftowa, tafasasshen ruwa yana zuba daga sama. Umma tana durƙushe a bakin ƙofa ta ɗaga hannunta na dama, da shi ta kare fuskarta. Da na kama ta zan ja ta waje, fatar hannun ta biyo tafina. Abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, “Kada ki shigo, jikinki ɗanye ne.”

Ta daɗe a asibiti. Ƙunar ta ci kafaɗa da hannu har yatsu, sai da aka yanko fata daga cinyarta aka liƙa. Matar da take ɗinkin hula tun kafin a haife ni, da shi ta yi mana kayan ɗaki mu uku, likita ya ce da wuya yatsun su sake riƙe allura. Ni da aka zo yi wa wanka, ni na koma yi mata, da jaririya a goye.

Nan na ƙudurta a raina sai mutumin nan ya tsaya gaban hukuma. Ba don a ba mu wani abu ba, me za a ba mu ya dawo da hannu? So nake a tambaye shi me ya yi a cikin silin ɗin nan, kuma a hana shi hawa na wani. Na shigar da ƙara wurin hukumar. Matar da ta saurare ni ta yi mini magana da mutunci, ta ce tunda babu rasit sai an turo jami’ai su ga aikin, kuma sai mu mazauna gidan mun faɗi wanda ya yi shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

A lokacin ban san yadda labarin ya isa Deira ba, ko da yake yanzu na sani. Sai ga Alhaji a asibiti da mutum huɗu a bayansa, da kwalin dabino da jarkar zamzam, ga Injiniya a ƙarshe yana sunkuyar da kai. Suka yi addu’a mai tsawo. Injiniya ya durƙusa a gefen gado yana kuka ya ce ƙaddara ce, shi alheri ya nufa. Sannan Alhaji ya juyo gare ni.

Ya ce, “’Yata, na ji abin da kika yi. Zafin rai ne, kuma kina da gaskiya. Amma mu a nan ba ma kai namu gaban Larabawa. Yaron nan bizarsa ta kargo ce, in aka kama shi da wannan aiki, kurkuku ne sannan a kore shi. Yana da iyali a gida, yana da tsohuwa. Kuma in suka fara tono ba a kansa za su tsaya ba.”

Na ce, “Baba, ita wannan da ke kwance ba tsohuwar wani ba ce?”

Ya ce, “Shi ya sa muka zo da kanmu.”

Umma ta ɗago kai da ƙyar ta ce, “Alhaji, ni na yafe. Ni na ce ina son ruwa mai zafi. Kada a raba bawan Allah da abincinsa saboda ni.” Suka ɗauki kabbara a hankali, aka shafa fatiha. Na ce Umma ta yafe nata, ni ban janye ƙara ba. Maigidana yana tsaye a jikin bango.

Da suka fita na bi bayansu zan kira nas. A bakin lif na tarar da Injiniya yana waya, muryarsa garau, babu alamar wanda ya gama kuka. Ina ji da kunnena yana cewa, “Hita ce? Ba matsala, bayan la’asar ina nan tafe, inshallah.” Wallahi da ba goyo a bayana ban san abin da zan yi masa ba.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke daga gidana. Matan da suka cika falona ranar suna, masu kawo farfesu da tuwo, babu wadda ta sake leƙowa. Ɗaya ce ta kira ni, ita ma don ta ce in ji tsoron Allah, wai mace da ɗanyen jego tana neman ɗaure mijin wata. Na ce mata ta zo asibiti ta ga hannun, ta ce ba ta iya kallon ciwo. Duk wannan bai karya ni ba. Ina ganin ai doka tana nan, kuma ba ta san Alhaji ba.

Ranar da jami’an suka zo su biyu ne, babba da ƙarami. Maigidana ya ɗauki hutu ya zauna a gida, har na ji daɗi na ce ashe yana tare da ni. Ƙaramin ya hau tsani da fitila, ya jima, sannan ya ce mu matso mu gani. Ya nuna mana abu uku. An cire abin da ke kashe hita in ruwa ya yi zafi. An zagaye makunnin tsaro da wata waya don kada wuta ta ɗauke. Sannan ƙaramin bututun da ke fitar da tururi in ya yi yawa, an toshe bakinsa, wataƙila don yana ɗiga a kan sabon silin. Ya ce Allah ne ya taƙaita, bututu ne ya fara ɓallewa, da tukunyar hitar ce ta fashe da ba a asibiti za mu je gaida Umma ba.

Babban ya buɗe littafinsa ya ce wannan ba kuskure ba ne, ganganci ne, kuma irin masu wannan aiki suke nema tun da aka yi ruwa. Ya ce, “Wa ya yi aikin? Sunansa da lambar wayarsa kawai nake so, sauran namu ne.”

Na buɗe baki ke nan maigidana ya riga ni. Ya ce, “Ni na yi.”

Na juya na dube shi. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira maigadi. Bai kalle ni ba, idonsa yana kan tayil. Ya ce ya ga surukarsa tana wahala ne, ya duba a waya yadda ake yi, ya hau ya taɓa da kansa, matarsa tana ɗaki ba ta san komai ba, zato take wani ya kira.

Jami’in ba yaro ba ne. Ya dubi hannayen maigidana, ya tambaye shi da wane abu ya kwance murfin hitar, ya yi ta in-ina. Sai ya rufe littafin ya juyo gare ni, ya sassauta murya ya ce, “Madam, ke kika kawo ƙara. Abin da mijinki ya faɗa haka ne? Ki sani faɗa wa hukuma ƙarya laifi ne mai zaman kansa.”

A nan na gane ramin da aka haƙa mini. In na ce haka ne, Injiniya ya sha. In na ce ƙarya ne, uban ’yata na miƙa musu da hannuna, a ƙasar da zamanmu duka a kan bizarsa yake, ga uwata a gadon asibiti. Sunan mutumin yana kan harshena, lambarsa na haddace ta tsabar ƙiyayya. Yarinya ta motsa a bayana. Na tsaya ina kallon ramin silin ɗin nan har jami’in ya sake tambaya, sannan na ce, “Ina ɗaki lokacin.”

Ya jima yana kallona. Ya ce to, babu mai gyara, babu ƙara, magana ta koma tsakaninmu da mai gidan. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce da ni, ba da maigidana ba, “Mutumin da ba wanda ya gan shi, ba mu da yadda za mu kama shi. Gobe yana gidan wani.”

Bayan sun tafi na tambayi maigidana abu ɗaya, na ce wa ya koya masa. Ya ce Alhaji ne. Na ce in da na ƙaryata ka fa? Ya ce shi ma ya tambaya, Alhaji ya ce kada ya damu, ’yar mutunci ce, ba za ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo ba. Wato tarbiyyar da Umma ta yi mini, ita suka auna suka ɗaure ni da ita, don a kuɓutar da wanda ya ƙone Umman. Ban yi kuka ba ranar. Na shiga kicin na ɗora ruwan da zan kai asibiti.

Sauran labarin ba shi da daɗin faɗa. Mai gidan ya ɗora mana laifin ɓarnar duka tunda maigidana ya amsa da bakinsa, muka gyara, aka ce mu tashi. Umma ta koma Kano da hannu a lanƙwashe, ban cika arba’in ɗin wankan ba balle ta ga ta gasa ni. Matan nan suka dawo da zumunci kamar ba a yi komai ba, har da masu yaba mini wai na yi hankali. Injiniya kuwa kafin mu bar Dubai ya bar kargo gaba ɗaya, ya sayi mota ta aikin gyara, in an yi sabon zuwa Alhaji shi yake turo masa. Ina zaune da maigidana har yau, mun ƙara haihuwa, mutumin kirki ne a abubuwa da yawa. Amma tun ranar, in ya ce mini “ki yarda da ni,” sai na ji kalmar ta wuce ta gefen kunnena.

Abin da na koya mai ɗaci ne, kuma ba na jin daɗin faɗarsa. Na taso ina jin ana cewa matsalarmu rashin doka ce, da muna ƙasar da doka take aiki da mun huta. To ni na zauna a inda take aiki. Har cikin banɗakina ta shigo, ta hau tsani, ta ga ɓarnar, ta tambaye mu suna ɗaya tak, mu muka hana ta. Yanzu duk wanda zai taɓa waya ko bututu a gidana, ko ɗan ɗakinmu ne, sai na ga takardarsa, in ya ce “tsakaninmu?” in nuna masa ƙofa, a ce ba ni da kunya na ji na ɗauka. Rufin asirin da muke taƙama da shi ba kyauta yake zuwa ba, kullum akwai wanda ake biya da jikinsa, kuma ba a taɓa zaɓar mai ƙarfi. Namu, tsohuwa aka zaɓa, wadda har yau in za ta ci tuwo sai ta nemi gafarar Allah don da hagu take ci.